Ernst Happel: Ɗan Bayan Vienna Da Ya Ƙware Wajen Ƙuntata Wa Abokin Hamayya Fili

Ernst Happel ne koci na farko da ya kai ƙungiyoyi uku daban-daban wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai: Feyenoord ta Holan a 1970, Club Brugge ta Beljiyam a 1978, sai Hamburg ta Jamus a 1983. Ya ɗauko kofin da biyu daga cikinsu. Tun daga lokacin har yau babu ɗaya cikin ukun nan da ta sake leƙa wasan ƙarshe na wannan gasa. Ya lashe gasar lig a ƙasashe huɗu, ya kuma kai Holan wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Duniya a 1978. Bai taɓa riƙe Real Madrid ko Juventus ko Bayern Munich ba. Aikinsa shi ne ya karɓi ƙungiyar da ba ta kai su kuɗi da taurari ba, ya je ya kayar da su.

Duk ƙungiyoyin da ya riƙe, dabara ɗaya ce ke yawo a cikinsu, sai dai ta sauya riga: a rage faɗin filin da abokin hamayya zai yi wasa a cikinsa, a fi shi yawan mutane a tsakiya, a ƙwace ƙwallo kusa da ragarsa. Ba a aji ya koyo wannan ba. Ya koyo ne a shekaru goma sha da ya yi yana tsaron baya.

An haife shi a Vienna ranar 29 ga Nuwamba 1925, shekarar da aka sauya dokar satar gida. Kafin nan sai ɗan gaba ya bar 'yan hamayya uku tsakaninsa da layin raga, sai aka mayar da su biyu. Ingila ta amsa wannan sauyi da tsarin da Herbert Chapman ya kafa a Arsenal, inda aka janye ɗan tsakiya ɗaya ya koma baya, kowane ɗan baya kuma aka ba shi mutumin da zai manne wa. Vienna ba ta yi saurin bi ba. Birnin yana alfahari da salon kocin Ostiriya Hugo Meisl da ɗan gaba Matthias Sindelar, wato gajeren fasin a ƙasa da wasan basira, kuma an daɗe a can ana tsayawa da 'yan baya biyu kacal a bayan 'yan tsakiya uku. Mutum biyu ba za su iya bin 'yan gaba biyar ɗaya bayan ɗaya ba. Dole su tsare wuri, su karanci inda ƙwallo za ta faɗo, su san lokacin da za su matso gaba su bar mutum a satar gida. A wannan makaranta Happel ya tashi, a ƙungiyar Rapid, inda ya shiga babbar tawaga yana matashi ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Da Rapid ya ci lig sau shida, a 1946, 1948, 1951, 1952, 1954 da 1957. Ya buga wa Ostiriya wasa 51, ya ci ƙwallo 5. Ba ɗan bayan da ke dogaro da ƙarfi ba ne. An san shi da iya sarrafa ƙwallo, da bugun tazara mai zafi, da kuma son yin wasa da hankalin 'yan kallo, abin da wani lokaci kan tayar wa nasa magoya bayan hankali.

Gasar Kofin Duniya ta 1954 a Suwizalan ta nuna masa fuskoki biyu na tsohon salon. A Lausanne, cikin zafin rana mai tsanani, masu masaukin baƙi suka zura wa Ostiriya uku kafin minti na 20. Ostiriya ta farke, ta tafi hutun rabin lokaci tana da 5 da 4, aka tashi 7 da 5. Ƙwallo 12 a wasa ɗaya, kuma har yanzu ba a karya wannan tarihi a gasar ba. Golan Ostiriya, Kurt Schmied, rana ta buge shi, amma a zamanin ba a canjin ɗan wasa, haka ya ƙarasa. A wasan kusa da na ƙarshe a Basel aka sa Walter Zeman a raga, abokin Happel a Rapid, Jamus ta Yamma kuwa ta lallasa su 6 da 1, biyu daga ciki fenariti ne na Fritz Walter. Ostiriya ta doke Yurugwai 3 da 1 ta zo ta uku, matsayi mafi girma da ta taɓa samu, amma a gida ba a yafe kashin Basel ba. Aka ɗora laifi a kan Happel da Zeman, har da raɗe-raɗin an saye su, zancen da ba a taɓa kawo hujjarsa ba. Happel ya yi fushi ya tafi Racing ta Paris. Masu bin tarihinsa da yawa suna danganta ƙyamar da ya riƙa nuna wa 'yan jarida har ƙarshen rayuwarsa da wannan lokaci.

Ya dawo Rapid a 1956, kuma a shekarar ya buga wasan da aka fi tuna shi da shi. Real Madrid ta su Di Stéfano, mai riƙe da Kofin Turai, ta ci 4 da 2 a gida. Ranar 14 ga Nuwamba, a filin Prater na Vienna, ɗan bayan nan ya zura mata uku kafin hutun rabin lokaci, biyu da bugun tazara, ɗaya da fenariti. Di Stéfano ya rage ɗaya, aka tashi 3 da 1, jimilla 5 da 5. Da a ce dokar fifita ƙwallon waje tana aiki a lokacin, da Rapid ce ta wuce. Ba ta nan, sai aka sake wasa na uku, a Madrid, Real ta ci 2 da 0. Happel ya je Kofin Duniya na 1958, ya rataye takalmi a 1959, ya ɗan riƙe harkar tafiyar da tawagar Rapid, sannan a 1962 ya tafi Holan ya karɓi ADO Den Haag.

Yadda tarkon yake aiki

Kafin a bi shi ƙasa-ƙasa, ya kamata a fahimci abin da yake ɗauke da shi, domin ana yawan cewa "tarkon satar gida" kamar wata dabara ce ta 'yan baya kawai. Ba haka ba ne.

Cikakken fili tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Ba a satar gida a rabin filinka, saboda haka iyakar inda 'yan baya za su iya matsowa su kafa layi shi ne layin tsakiya, mita 52 da rabi daga ragarsu. Idan 'yan gabanka uku suna takura wa abokan hamayya a bakin da'irar golansu, wadda take mita 16 da rabi daga layin raga, 'yan bayanka kuma suna kan layin tsakiya, to mutum ashirin sun cunkushe a cikin tsawon mita 36. Kusan kashi ɗaya cikin uku na filin ke nan. A irin wannan matsi, duk wanda ya karɓi ƙwallo akwai mutum a kansa kafin ya ɗaga kai, kuma in an ƙwace, fasin biyu ko uku sun isa a kai ga raga. Riba ta biyu ita ce gajiya: guje-gujen gajeru ne, mita biyar zuwa goma, ba tsallake fili daga wannan kai zuwa wancan ba.

Farashin kuwa shi ne filin da ka bari a bayanka, sama da mita hamsin babu kowa sai gola. Dokar satar gida ce kaɗai ke gadin wannan fili. Kuma dokar tana duba inda ɗan gaba yake a daidai lokacin da aka buga masa ƙwallo, ba lokacin da ya karɓa ba. Shi ya sa ba a kallon ɗan gaba a yanke shawarar matsowa, mai riƙe da ƙwallo ake kallo. In ya juya baya, ko an mayar da ƙwallo baya, ko an fitar da bugun kusurwa da kai, layi ya taso gaba ɗaya. In kuwa ya fuskanto ku, ƙwallo na gabansa, babu wanda ya takura masa, to ba a matsowa, ja da baya ake yi, domin yana da lokacin da zai jira ɗan gabansa ya daidaita gudu. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, galibi wanda ya fi kowa zama a baya, saboda shi ke ganin layin duka. A ƙungiyoyin Happel akan sami irin wannan mutum: Rinus Israël a Feyenoord, ɗan Ostiriya Edi Krieger a Brugge, Holger Hieronymus a Hamburg. A zamanin da yawancin ƙungiyoyi ke ajiye mai shara a can bayan kowa don kwashe abin da ya kuɓuce, shi nasa aikinsa ya matso ya daidaita da sauran, ya kuma fito da ƙwallo.

Inda abin ke ɓaci sananne ne. Na farko, ɗan baya ɗaya ya makara da taku biyu, yawanci na gefen da ƙwallo ba ta nan, sai ya halatta wa kowa. Na biyu, 'yan gaba su gaji su daina takurawa, amma layin baya ya ci gaba da tsayuwa a sama bisa sabo. Wannan ne mafi muni, kuma a ƙarshen wasa ya fi faruwa. Akwai kuma ɗan tsakiyar da ke tasowa da gudu daga nesa: 'yan baya suna tafiya gaba, shi yana tahowa, sai su wuce juna, kafin su juya ya ba su mita biyar. Mai sauri yana cin mita talatin a cikin kusan daƙiƙa huɗu, ba a kamo shi. Sannan akwai mai ɗaga tuta, wanda ɗan Adam ne, babu na'urar bidiyo da za ta gyara masa. Wani abu da ya taimaki masu wannan salo a lokacin shi ne, kafin gyaran dokar 1990, ɗan gaban da ya yi daidai da ɗan baya na ƙarshe ana ɗaukarsa ya yi satar gida. Yau daidai halal ne. Tazarar taku ɗaya ce, amma ta sauya lissafin gaba ɗaya.

Rotterdam da mutum na uku a tsakiya

A Den Haag Happel ya shekara bakwai. Ya kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Holan sau uku yana faɗuwa, kafin a 1968 ya doke Ajax ta Rinus Michels da Johan Cruyff 2 da 1. Feyenoord ta ɗauke shi a 1969.

A lokacin manyan ƙungiyoyi da yawa suna buga 4-2-4, tsarin da Brazil ta yi suna da shi. Happel ya janye ɗan gaba ɗaya ya ƙara a tsakiya, ya zama 4-3-3, kuma ya raba wa mutum ukun aiki: Wim Jansen mai gudu da toshe ɓaraka, Willem van Hanegem mai ƙafar hagu, mai ƙwace da dogon fasin, sai Franz Hasil, ɗan Ostiriya da ya kawo daga Schalke, mai haɗa tsakiya da gaba. Lissafin ba shi da wuya. Biyu ba su iya tsare uku, kullum akwai wanda ya saura babu kowa a kansa. In ɗan bayan hamayya ya fito ya tare shi, ya bar rami. In ɗan gaba ya dawo ya taya, harinsu ya ragu.

A zagaye na biyu suka fitar da AC Milan mai riƙe da kofi, wadda ta ci Ajax 4 da 1 a wasan ƙarshe watanni kaɗan kafin nan. Ranar 6 ga Mayu 1970, a San Siro, suka haɗu da Celtic ta Jock Stein, zakarun 1967, waɗanda suka fito da ƙarfin gwiwa bayan sun fitar da Leeds. Tommy Gemmell ya fara ci wa Celtic da bugun tazara, Israël ya farke da kai bayan minti biyu. Daga nan wasan ya koma hannun Feyenoord. Bobby Murdoch da Bertie Auld suka yini suna bin inuwa a tsakiya, Jimmy Johnstone kuwa duk sanda ya karɓi ƙwallo sai ya tarar da mutum biyu. Abin mamakin shi ne yadda Celtic ta kai ƙarin lokaci. A minti na 117 aka ɗago doguwar ƙwallo, Billy McNeill ya taɓa ta da hannu yana faɗuwa ta baya, alƙali ya bar wasa ya ci gaba, Ove Kindvall ya ɗaga ta bisa gola. Feyenoord ta zama ƙungiyar Holan ta farko da ta ɗauki kofin.

A nan ne tarihi bai yi wa Happel adalci ba. In ana zancen salon Holan na shekarun 1970, Michels da Cruyff ake kira. Amma Ajax ɗin da Milan ta wulaƙanta a 1969 da 'yan tsakiya biyu ta buga, kuma sai bayan da ta koma uku, kamar maƙwabciyarta ta Rotterdam, ta ci kofin sau uku a jere daga 1971. Michels ya ƙara nasa, musamman musayar gurabe, kuma yana da Cruyff. Ya kuma iya bayani. Happel ba ya bayani.

A 1970 ɗin dai Feyenoord ta ci kofin nahiyoyi a kan Estudiantes ta Ajantina, 2 da 2 a can, 1 da 0 a Rotterdam. Joop van Daele, wanda ke wasa da tabarau, shi ya ci, 'yan Estudiantes kuwa suka fizge tabaran suka fasa. Sai kuma ga UTA Arad ta Romaniya ta fitar da zakarun Turai a zagayen farko, 1 da 1 a Rotterdam, babu ci a Arad. Wannan ɗaya raunin salon ke nan: ƙungiyar da ta yarda ta bar maka ƙwallo ta tare a gida, ba ka da abin da za ka ƙwace a hannunta. Ya ci lig a 1971, ya bar Feyenoord a 1973, ya yi ɗan gajeren zama maras armashi a Sevilla, wadda ke rukuni na biyu a Sifaniya a lokacin.

Brugge ce gwajin da ya fi nuna ƙimar aikinsa, don ƙaramin gari ne, kuma Anderlecht ce mai kuɗi a Beljiyam. Ya ci lig uku a jere, 1976, 1977 da 1978, da kofin ƙalubale a 1977. Sau biyu Liverpool ta tare masa hanya a Turai. A wasan ƙarshe na kofin UEFA na 1976, Raoul Lambert da Julien Cools suka ci biyu a Anfield cikin minti 15 na farko. Bayan hutu Bob Paisley ya cire John Toshack, dogon ɗan gaban da tarkon ke kamawa cikin sauƙi, ya sa ɗan tsakiya Jimmy Case. Wato ya mayar wa Happel da nasa maganin. Cikin kusan minti shida Ray Kennedy da Case da Kevin Keegan suka ci uku. Aka yi 1 da 1 a Brugge, kofi ya tafi Ingila. A 1978, bayan sun fitar da Juventus, suka je Wembley babu Lambert babu Paul Courant saboda rauni. Happel ba mai taurin kai a kan salo ba ne: ya ga ba shi da abin kai hari, sai ya dogara da tarko da golansa Birger Jensen. Sun riƙe sama da awa ɗaya, sannan Graeme Souness ya sami daƙiƙa guda babu takura, ya zura wa Kenny Dalglish. Wasan bai yi daɗin kallo ba, an kuma soke shi a kan haka.

Wata ɗaya da rabi bayan Wembley yana wani wasan ƙarshen, a Buenos Aires, da tawagar Holan wadda ya riƙa haɗawa da aikin Brugge. Babu Cruyff, babu van Hanegem. Sun yi tangal-tangal a rukuni, har Sikotland ta ci su 3 da 2. Raunuka suka sa ya jefa matasa irin su Ernie Brandts da Jan Poortvliet, ƙafafu sababbi suka dawo da takurawa, kuma wadda ta fara ɗanɗanawa ita ce ƙasarsa ta haihuwa: Holan 5, Ostiriya 1. A wasan ƙarshe ranar 25 ga Yuni, Mario Kempes ya ci wa Ajantina, Happel ya sako dogon Dick Nanninga, ya farke da kai saura minti takwas. A daƙiƙun ƙarshe Rob Rensenbrink ya bugi turke. Ajantina ta ci 3 da 1 a ƙarin lokaci. Kempes irin ɗan wasan da aka ambata ne a sama, mai tasowa daga nesa da ƙwallo a ƙafa, wanda babu tarkon da ke kama shi.

Hamburg

Bayan shekara biyu a Standard Liège, inda ya ci kofin Beljiyam a 1981, manajan Hamburg, Günter Netzer, ya kawo shi ƙungiyar. A nan ya tarar da abin da bai taɓa samu ba: tawaga da ta riga ta horu. Tsohon kocinsu Branko Zebec ya gasa su da atisaye mai tsanani, ya ci lig da su a 1979, ya kuma fara koya musu tsaron wuri a ƙasar da kowa ke bin mutum. Happel ya sassauta igiya, ya tura layin gaba, ya mayar da atisaye wasa da ƙwallo a ƙaramin fili. Ba ya doguwar lacca. Yakan zauna da sigarinsa yana kallo, in ya yi magana jimla ɗaya ce. Akwai labarin da tsofaffin 'yan wasansa a ƙungiyoyi daban-daban ke bayarwa, cewa yakan ɗora gwangwani a kan sandar raga, ya kaɓo shi da ƙwallo daga nesa, ya ce su gwada. Ko an ƙara masa gishiri, ma'anarsa a fili take: da ƙafa yake karɓar girmansa, ba da baki ba.

Makamin da kowa ya sani, amma aka kasa hanawa, shi ne Manfred Kaltz da Horst Hrubesch. Kaltz ɗan bayan dama ne mai lanƙwaso ƙwallo, tana guje wa gola tana tahowa goshin Hrubesch. Abin da ya sa ya yiwu shi ne layin da ke sama: Kaltz yana fara gudunsa daga tsakiyar fili ne, ba daga bakin ragarsu ba. A kakar 1981/82 suka zura ƙwallo 95 a wasa 34, ciki har da 4 da 3 a gidan Bayern bayan ana cin su 3 da 1. Daga Janairun 1982 zuwa Janairun 1983 suka yi wasa 36 a lig ba a doke su ba, tarihin da ya tsaya har 2013. Suka sake cin lig a 1983, da bambancin ƙwallaye a kan Werder Bremen.

A tsakanin nan akwai darasi mai ɗaci. IFK Göteborg ta Sven-Göran Eriksson, wadda 'yan wasanta da dama ke da wasu sana'o'in, ta ci su 1 da 0 a Suwidin a wasan ƙarshe na kofin UEFA na 1982. Hamburg ta fito neman farkewa a gida, ta buɗe baya, Torbjörn Nilsson ya sami filin da yake so, aka tashi 3 da 0.

Ranar 25 ga Mayu 1983 a birnin Atina, Juventus ta Giovanni Trapattoni ta fito da mutum shida da suka ci Kofin Duniya shekara guda kafin nan: Zoff, Gentile, Cabrini, Scirea, Tardelli da Rossi, ga kuma Platini da Boniek. Happel ya yi abu biyu. Ya san tsarin Italiya na lokacin a karkace yake: ɗan bayan dama, Claudio Gentile, mai manne wa mutum ne, na hagu, Antonio Cabrini, shi ke hawa. Sai ya ɗauke ɗan gabansa Lars Bastrup daga hagu ya kai shi dama. Gentile ya bi mutuminsa, ɓangaren daman Juventus ya zama kango, Marco Tardelli ya rasa ko ya toshe can ko ya tsaya a tsakiya. Ta wannan kusurwa Felix Magath ya taso, kafin a cika minti goma, ya ɗaga ƙwallo da ƙafar hagu ta wuce Dino Zoff. Abu na biyu kuwa ya saɓa wa aƙidarsa: ya sa Wolfgang Rolff ya manne wa Platini duk inda ya sa ƙafa. Mutumin da aka sani da tsaron wuri ya ci kofinsa na biyu da taimakon tsaron mutum. Bastrup ya fita da karyayyen muƙamuƙi, amma aikinsa ya riga ya biya.

Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar kowace dabara. Hrubesch da Bastrup suka tafi a bazarar, aka kawo Dieter Schatzschneider da Wolfram Wuttke, masu basira amma ba su shiga tsarin ba, kuma ba su jitu da kocin ba. Takurawa daga gaba take farawa, in na gaba bai yi ba, na baya ne ke shan kunya. Dinamo Bucharest ta fitar da su a karon farko da suka fito kare kofin, wata ƙungiyar Romaniya kuma, kamar a 1970. Grêmio ta doke su a Tokyo, Aberdeen ta Alex Ferguson ta ɗauke Super Cup. Happel ya rufe zamansa da kofin ƙalubalen Jamus a 1987, wanda shi ne babban kofi na ƙarshe da Hamburg ta ɗaga.

Bai bar littafi ko makaranta mai sunansa ba, sai dai mutane. Magath ya ci lig ɗin Jamus da Bayern sau biyu, da Wolfsburg a 2009. Jansen ya je Celtic ɗin da suka kayar, ya ci mata lig a 1998. Hrubesch ne kocin tawagar Jamus da ta fitar da Najeriya 2 da 0 a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin 2016.

Happel ya koma gida a 1987, ya karɓi Swarovski Tirol ta Innsbruck, ya ci lig a 1989 da 1990. A nan ma ya gamu da Real Madrid, amma wannan karon 9 da 1 aka yi masa a Bernabéu. A farkon 1992 ya karɓi tawagar Ostiriya, wadda har lokacin ba ta farfaɗo daga kashin da tsibiran Faroe suka ba ta a 1990 ba. Ciwon dajin huhu ya riga ya ci jikinsa, ya rame ƙwarai, amma bai bar benci ba. Wasansa na ƙarshe shi ne 5 da 2 a kan Isra'ila a ƙarshen Oktoba. Ya mutu a Innsbruck ranar 14 ga Nuwamba 1992, shekara 36 cif bayan ƙwallaye ukun da ya zura wa Real. Kwana huɗu bayan haka Ostiriya ta buga da Jamus a Nuremberg, aka ajiye hularsa a kan benci, aka tashi babu ci.

Filin Prater aka sauya wa suna zuwa nasa. A cikinsa ne Ajax ta doke Milan 1 da 0 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1995, da 'yan gaba uku da layin baya a sama, Finidi George a gefen dama tun daga farko, Nwankwo Kanu kuma ya shigo daga benci bayan hutun rabin lokaci.